Rantsuwata da Labarin Annabi Ayuba a Ɗakin Wankin Ƙoda

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Fasto, na gode da wannan dama. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Istifanus, mutumin Kafanchan, aikina injiniya. Waccan da ke layi na biyu tana sunkuyar da kai ita ce matata Rifkatu. Ta roƙe ni kada in ambace ta. Ki yi haƙuri, Maman Alheri, shaidar nan ba za ta bayu ba sai da ke.

Shekara uku da suka wuce ina aiki a Paris, ita da 'yarmu Alheri suna nan Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon. Ranar Juma'a in hau jirgin ƙasa in zo, Lahadi da yamma in koma. Na daɗe da hawan jini, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba. In na tuna magani in sha, in na manta shi ke nan. Wata safiya na fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tashar Porte de la Chapelle, sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. A gadon asibiti na farka. Likita ya ce ƙodojina biyu sun kusa daina aiki.

Wata huɗu ina ɓoye mata. In zo gida ina dariya, ƙafata ta kumbura har takalmi ba ya shiga, in ce gajiya ce. Ni ne babba a gidanmu, ni ake kira in abu ya lalace. Ban iya zama wanda ake ce wa sannu ba.

Wata Asabar tana neman cajar waya a jakata ta ga takardun asibiti. Ta yi kukanta, sannan ta kira mahaifiyata, ta kira Fasto. Kafin la'asar wayata ta cika da kira daga Kafanchan da Jos, kowa yana jajanta mini. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Ina cikin yi wa Rifkatu faɗa sai ta ce, "Baban Alheri, ƙoda biyu gare ni. A gwada ni, in ta dace ka ɗauki ɗaya."

Ku ji abin da bakina ya faɗa. Na ce, "Tun da kin tona ni, na rantse da Allah ba zan ƙara karɓar komai daga hannunki ba. Ko ruwan sha, balle ƙoda."

Aiki ya gagare ni, na dawo Lyon gaba ɗaya, aka ɗora ni a kan wankin ƙoda. Sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa, injin yana jan jinina yana wankewa yana mayarwa. Na kuma riƙe rantsuwata wata bakwai cur. Gida ɗaya muke, tana dafa mini abinci marar gishiri yadda likita ya ce, ni kuwa in hau metro zuwa unguwar La Guillotière in sayi gasasshen nama da soyayyen dankali, duk abin da aka hana ni. Gwajin jinina yana ta lalacewa. Ina gaya wa kaina wai tsoron Allah ne, wanda ya rantse ba ya janyewa. Ƙarya nake yi. Girman kai ne, na lulluɓe shi da sunan Allah.

A ɗakin wankin, a kujerar da ke kusa da tawa, akwai wani dattijo, Malam Sani, mutumin Maradi, Musulmi. A ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin magunguna ya yi aiki kafin ciwo ya zaunar da shi. Shekararsa biyar a kan injin. Ya ji ina waya da Hausa ran nan, daga nan muka saba. Shi ya lura da abin da nake ƙin gani: duk ranar wanki Rifkatu tana zuwa daga wurin aiki ta zauna a baranda da kular abinci, ni kuma in fito in wuce ta.

Wata Talata ya ce, "Istifanus, wannan baiwar Allah da ke jira waje, wa take jira?"

Na ce matata ce. Ban san dalili ba, sai na kwashe duk labarin na gaya masa. Ya saurara yana jan carbinsa da hannun da babu allura.

"Bon, to," ya ce. "Kun san Annabi Ayuba a wajenku?"

Na ce mun san shi sarai, tun muna yara ake koya mana haƙurinsa.

"To matarsa fa?"

Na ce abin da muka sani game da ita kaɗan ne. Sai ya gyara zama ya ba ni labarin yadda suka karɓe shi daga malamansu. Ya ce Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, mutum ne mai garke da gonaki da 'ya'ya. Yana kiran mutanensa su bauta wa Allah shi kaɗai, ba ya cin abinci sai da maraya ko matalauci a gefensa. Sai dukiya ta tafi, 'ya'ya suka mutu, ciwo ya kama jikinsa shekara da shekaru, har waɗanda suka ci a akushinsa suka daina bin ta ƙofarsa. Bai bar ambaton Allah ba. Mutum ɗaya ya rage masa, matarsa. Ita ke aikatau a gidajen mutane ta kawo masa abin da zai sa a baki. Ya ce a wata ruwayar, ranar da aiki ya ƙi samuwa, gashin kanta ta yanke ta sayar ta sayo abinci. Da Ayuba ya gane, ransa ya ɓaci, ya rantse in ya warke sai ya yi mata bulala ɗari.

Na ce, "Annabi guda?"

Ya ce, "Ciwo ne, ɗan'uwana. Mai ciwo da wanda ya fi kusa da shi yake hushi."

Ya ci gaba. Ayuba ya kai kukansa ga Allah, aka ce ya buga ƙafarsa a ƙasa, ruwa mai sanyi ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha, ya tashi garau. Aka mayar masa da iyali ninki. Saura rantsuwa. Sai Allah ya ce ya ɗauki damin ciyawa mai sili ɗari ya taɓa ta da shi sau ɗaya, magana ta ƙare.

"Ka gani?" in ji Malam Sani. "Allah da kansa bai yarda rantsuwar annabinsa ta cuci matar da ta yi jinya ba. Kai taka rantsuwar ta fi ta Ayuba ne? Ni da ina da wanda jininmu ya dace, da tuni lokotoro, likitan nan, ya sallame ni daga kujerar nan."

Na juya fuskata bango.

'Yan'uwa, wannan ɓangaren labarin ba ya cikin abin da muka koya, amma Ubangiji ya ɗauke shi daga bakin maƙwabcina ya huda zuciyata da shi. Na tuna Yesu ya hana mu rantsuwa tun farko. Ashe zunubin a bakina yake, riƙe shi kuma ƙara zunubi ne. Saura awa guda a cire ni daga injin. Awar nan duka addu'a na yi, hawaye yana shiga kunnena. Na ce, "Ya Yesu, na ari sunan Allah na kare girman kaina. Ka gafarta mini. Ka kwance abin da na ɗaure."

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san ina ɗauke da shi ba. Yabo ga Ubangiji!

Da na fito tana nan a baranda. Ta miƙe za ta bi bayana kamar kullum. Na zauna a bencin, na ce, "Rifkatu, me kika dafa?" Ta dube ni. Ta buɗe kular. Faten acca ne, babu gishiri ko ƙwaya. Na cinye shi tas a gaban masu wucewa, sannan na roƙi gafararta. Ta ce, "Tun da dai ka ci abinci, sauran magana a gida."

Washegari muka je wurin Fasto ya yi mana addu'a. Aka fara gwaje-gwaje, wata da watanni, ana ɗibar jininta ana sake ɗiba. Ranar da likita ta ce ta dace, Rifkatu ta fashe da dariya a ofishin har matar ta taya ta. An yi dashen ƙodar a nan Lyon. Da yawanku kun yi azumi dominmu, wasu sun riƙe Alheri mako biyu, Allah ya saka muku. Yau wata goma sha ɗaya ban hau injin ba. Na koma aiki, ina shan maganina a kan lokaci, ita ma lafiyarta ƙalau. Haleluya!

Malam Sani har yanzu yana kan kujerarsa yana jiran a samo masa ƙoda. Duk Asabar nakan je in zauna da shi awa biyu. Na gaya masa zan ba da shaida yau, na tambaye shi ko ya yarda in roƙa masa addu'a a coci. Ya ce, "Ka gaya musu ba na mayar da addu'ar kowa." Don haka ina roƙonku, ku sa shi a addu'o'inku da sunansa.

In kuma akwai wanda ke zaune a nan da wata magana da ya faɗa cikin fushi, yana gadinta kamar alkawarin Allah, kada ka jira wata bakwai irina. Ka kai wa Yesu ita, ya iya kwancewa. Sannan in an tashi sujada, ka je wurin wanda ka faɗa wa, tun yana nan yana jiranka.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Allah Uba, cikin sunan Yesu. Amin.