Robar da Na Ɗaure wa Oba-oba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata, 'yan'uwa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Ayuba masunci. Kun san ni, kun kuma san bakina, ba ya zama wuri ɗaya. Yau zai faɗi abin da ya ɓoye wata bakwai.

Lokacin da aka katse layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, mu masuntan dam ɗin wajen Mairuwa muka haɗa kai muka sayi oba-oba, wato rediyon hannu na kiran juna, kowane kwalekwale guda. Sarkin Ruwa ya tara mu bakin gaɓa ya kafa doka. Ya ce, "Layi na ɗaya na kira ne da neman agaji. Ka kira mutum ya amsa, ku koma wani layin ku sha hirarku. Abin nan ba waya ba ce. In mutum ɗaya ya danne madannin magana, ba wanda za a ji sai ya saki."

Da kunnena na ji. Amma ina! A layi na biyu mutum ɗaya ke saurarena, a na ɗaya kuwa dam gaba ɗaya. Yau in kwaikwayi muryar Sarkin Ruwa, gobe in yi cigiyar tarwaɗar da ta tsere wa maƙwabcina Malam Idi. Ana dariya, kaina na kumbura.

Sau biyu dattijon nan yana ja mani kunne. Maimakon in bari, sai na sake dabara. Na yanko robar taya, in ɗaure madannin tam, in ajiye oba-obar kusa da wayata in saki waƙa. Wai don kada a gane ko wane ne. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Wata Laraba ce cikin marka, bayan azahar. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ni da yake ina kusa da wani lungu mai tudu, na shige na ɗaure kwalekwalena jikin bishiya, na lulluɓa da leda. Na ɗaure robar nan, na saki kiɗa, ina cire kifi daga raga hankalina kwance.

A daidai lokacin, Malam Idi da ƙanensa Lawal suna tsakiyar ruwa. Iska ta fizge masu filafili ɗaya, ruwa na cika kwalekwalen. Malam Idi ya yi ta kira. Sarkin Ruwa yana gaɓa, ga kwalekwale mai inji a shirye, ga oba-oba a hannu, amma ba ya jin komai sai kiɗa. Ruwan sama ya rufe ko'ina, bai san inda zai nufa ba.

An tarar da Malam Idi rungume da wata busasshiyar bishiya a cikin ruwa. Lawal kuwa sai washegari aka ga gawarsa. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku.

Wayyo ni! A wurin gaisuwa, gaban jama'a, Sarkin Ruwa ya tambaya, "Wa ya toshe layi ranar nan?" Na buɗe baki na ce, "Ni dai tawa tun safe batir ya mutu." Har da rantsuwa, 'yan'uwa, da sunan Allah. Ranar sadakar uku aka miƙo mani waina, na karɓa na ci.

Daga nan kwanciyar hankali ta yi mani ƙaura. Na daina shiga ruwa. Na bar ƙungiyar mawaƙa, kun tuna, na ce maku maƙogwaro ne. Ƙarya nake! Waƙa ce ba na iya ji. Na koma gidan burukutu, ni da ban taɓa sa ta a baki ba. In na dawo in sauke wa matata Rifkatu kwandon masifa ba gaira ba dalili. Duk inda na hango 'ya'yan Lawal sai in sake hanya.

Wata safiya Rifkatu ta ajiye mani koko, ta tsaya kaina. Ta ce, "Maigida, abin da ke cin ka ba na asibiti ba ne. In ba za ka faɗa mani ba, ka je ka faɗa wa wanda ya riga ya sani."

Ban sha kokon ba. Na zo majami'ar nan, ba kowa sai Baba Fasto yana gyara benci. Na zube can gaban bagadi na fashe da kuka. Na ce, "Ya Yesu, na kashe mutum da wasa, na kuma rufe da rantsuwa. In akwai sauran jinƙai, ka ji ni!" Baba Fasto ya dafa kaina, muka yi addu'a har rana ta take. A wurin nan na ji an sauke mani wani nauyi daga ƙirji. Da muka tashi ya ce, "Ayuba, Ubangiji ya ji. Saura waɗanda ka cuta. Tashi in raka ka."

Muka tarar da Malam Idi ƙofar gida yana ɗinkin raga. Na durƙusa na ce, "Malam, ni ne na toshe layi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, Ayuba. Duk sanda na saki madanni in ji ko an amsa, muryarka nake ji ƙasa-ƙasa kana bin waƙar. Lawal ma ya ji. Yana kwalfar ruwa yana ce mani, 'Yaya, ai Ayuba ne, yanzu zai saki, ba zai bar mu ba.'"

'Yan'uwa, na so ƙasa ta tsage in shige.

Da ƙyar na ce, "Malam, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Sarkin Ruwa ma ya gane ka. Tambayar da ya yi, dama ya ba ka. Ni na roƙe shi ya bar maganar. Ka san garin nan. Da ta fita da zafinta, ba za a ce masunci ya yi sakarci ba, cewa za a yi Kirista ya kashe Musulmi. Gawa ɗaya ta ishe ni." Ya ɗaure zaren ya cije. "Kwanan Lawal ne ya ƙare, amma kai ma ka san naka laifin. Ni na yafe. Matarsa kuwa kada ka matsa mata."

Na gode wa Yesu! Ban cancanta ba, amma ya tsare gidana da gidajenku daga fitina ta hannun mutumin da na cuta. Ya raba ni da burukutu, ya raba ni da ƙarya. Sarkin Ruwa kuwa ya karɓe oba-obata.

Kai da ke zaune da wani abu binne a ciki, kada ka kai wata bakwai irina. Ka kawo shi gaban Ubangiji, ka dogara gare shi, zai ba ka ƙarfin zuwa ƙofar da kake tsoro.

Matar Lawal har yau ba ta amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinta ba. Ku sa ta da marayunta cikin addu'a. Jibi zan sake zuwa in gaishe ta.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.