Hoto Ɗari Huɗu Babu Fuskar Baba

YAYA: Alo? Assalamu alaikum. Auta, kana ji na?

AUTA: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina jin ki. Ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya baƙunta?

AUTA: Alhamdu lillahi. Ya yara? Ya maigidan?

YAYA: Duk lafiya. Ya jikin Baba? Ƙafar dai ba ta kumbura ba?

AUTA: Da sauƙi sosai. Ga shi nan yana gyangyaɗi.

YAYA: Madalla. Wansa Baba Babba fa? Ya ƙarfin jikinsa?

AUTA: Sai a hankali, kin san tsufa. Yana ta gaishe ku. Yaya, kin ga hotunan da na turo kuwa?

YAYA: Na gani.

AUTA: Kin ga aiki, ko? Wallahi tunda nake yawon ɗaukar hoto ban taɓa samun haske irin na garin nan ba.

YAYA: Auta, hoto ɗari huɗu da sha biyu ka turo. Na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ruwa. Ina Baba?

AUTA: Me? Layin yana yankewa.

YAYA: Na ce ina BABA a ciki?

AUTA: Haba Yaya, ai yana ko'ina. Duba na farko, na tasha.

YAYA: Na tasha? Wannan farin abin da ya bi ta gaban hoton kamar an watsa ruwan wanki?

AUTA: Shi ne Baba! Idon kyamarar na bari a buɗe na daƙiƙa biyu, don motsi ya fito. Yana nuna yadda ɗan Adam yake wucewa, duniya tana nan tsaye.

YAYA: Ubanka ne yake wucewa? Allah ya shirye ka. Na biyu fa? Takalma na gani.

AUTA: Kwanciya na yi a ƙasa na ɗauko shi daga matakalar mota. Takun farko a garin haihuwarsa bayan shekara talatin da ɗaya! Har wandona ya yage a gwiwa.

YAYA: Gara da ya yage. Sai wani da ka ɗauki kwaɗon ƙofa, tsatsarsa tar kamar a taɓa, can baya wasu dunƙule biyu dishi-dishi.

AUTA: Lokacin da suka rungume juna ke nan. Su na ɓatar da gangan, na fito da ƙofar, saboda ita ce ta raba...

YAYA: Tsaya. Tsofaffi biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sun rungume juna suna kuka, kai kuma kana can kana ɗaukar kwaɗo?

AUTA: Ke ba ki san harkar ba ne. Mutanen da suke bibiyata a intanet sun yaba shi ƙwarai. Wani ma cewa ya yi...

YAYA: Mutanen da suke bibiyarka ubansu ne? Ni na roƙi Baba ya tafi da kai. Na ce ga mai kyamara a gida, me za a yi da hoton waya? Ashe gara in ba makaho wayata. Wannan mai hazo-hazo fa, kamar an ɗauka ta cikin leda?

AUTA: Man shafawa na ɗan goga a gilashin, don ya yi kamar mafarki.

YAYA: Tir! Man shafawa. Kyamarar ma kaushi take yi?

AUTA: To na hannuwan fa? Ki faɗi tsakaninki da Allah.

YAYA: Na hannuwan ya yi kyau, ban ƙi ba. Amma hannun tsoho ai hannun tsoho ne. In na nuna wa yarana na ce ga kakanku da wansa, a yatsa za su gane su? Saurara. Yanzun nan ka tashi Baba, ka zaunar da shi kusa da Baba Babba a tsakar gida, su kalle ka, ka danna. Kada ka kwanta, kada ka hau bishiya, kada ka shafa komai.

AUTA: Ai... wato, Yaya...

YAYA: Wannan ƙarar mece ce tun ɗazu, ƙaƙas-ƙaƙas?

AUTA: Jirgi ne.

YAYA: Wane jirgi?

AUTA: Na ƙasa. Mun taso tun hantsi. Baba ya ce maganinsa ya ƙare, gara mu juyo yau.

YAYA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun taso?

AUTA: Mun kai awa biyar a hanya.

YAYA: Auta, kwana uku kuka yi a gidan nan. Kwana uku! Babu wanda ya ce maka a yi hoto na mutane?

AUTA: Baba Babba ya ce. Jiya da safe ya sa aka ciro masa rigarsa ta ƙasan akwati, ya sa hula, aka fito musu da kujeru biyu.

YAYA: To? Yana ina?

AUTA: Hasken safiyar ya yi tsauri. Kuma ni gaskiya ba na hoton a zauna ƙiƙam kamar na katin shaida. Na ce su bari sai yamma.

YAYA: Ka sa mai shekara casa'in ya wuni cikin babbar riga yana jiran haskenka.

AUTA: Amma na ɗauka! Shi ne na ƙarshe, rana tana faɗuwa a bayansu.

YAYA: Baƙaƙen inuwoyin nan biyu? Wallahi na ɗauka tuluna ne aka jera. Ka ji abin da likita ya ce, daga wannan karon Baba ba zai ƙara doguwar tafiya ba. Kai ka kai shi asibitin, a gabanka aka faɗa.

AUTA: Zan gwada ƙara masa haske a kwamfuta, wataƙila...

YAYA: Zai fito?

AUTA: Ba zai fito ba.

YAYA: Kunya ta ishe ni, wallahi. Ƙyamar kyamarar nan nake ji.

AUTA: Yi shiru, ya farka. Na'am Baba? Yaya ce. Ga shi, yana son magana.

BABA: Alo? 'Yar albarka, ke ce?

YAYA: Ni ce, Baba. Sannu da hanya. Ya jiki?

BABA: Jiki ya yi daɗi, na ga ɗan'uwana. Ya tsufa, amma murmushin nan nasa yana nan. Yaron nan ya yi ƙoƙari, har birgima yake yi a ƙasa saboda mu. Ki ji, na jiya da muka zauna da wana, shi nake so. A wanko shi babba, a rataya mini a ɗaki saitin gado, inda zan riƙa ganin fuskarsa in na farka. Shi ma na yi masa alkawarin za a aika masa nasa.

YAYA: To, Baba. Allah ya kawo ku lafiya. Ba Auta wayar.

AUTA: Yaya...

YAYA: Ka ji shi?

AUTA: Na ji. Don Allah, in mun iso ke ki lallaɓa ki faɗa masa, ya fi jin maganarki.

YAYA: A'a. Kuna da sauran kwana guda a jirgin nan, kujera ɗaya. Buɗe kyamarar ka nuna masa da kanka.

AUTA: Yaya, tsaya mana, ta ina zan fara? Yaya? Alo?