Koci Emrys, Mai Tsaron Ragar da Ya Koyar da 'Ya'yanmu

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan Dubai, Alhaji Halliru. Shugabar makaranta da malamanta. Uwargida Nerys, matar marigayi. Iyaye da yara, sannunku da zuwa.

Ni ne Ɗalhatu, mahaifin Najiba. An ce in yi magana a madadin iyaye, ga shi bakina ya yi nauyi. Wata biyar muna zirga-zirga tsakanin unguwarmu ta Satwa da asibitin da aka kwantar da Koci. Mun gaji, shi ma ya gaji. Ranar Talata ya rasu.

Koci Emrys Gwilliam ya kasance mai tsaron raga a wasan hoki, ƙwallon nan mai taurin dutse da ake bugawa da sanda. Shekara goma sha bakwai yana tsare wa kulob ɗinsu raga a ƙasarsu Wales, cikin ruwa da sanyi. Bai taɓa ɗaga babban kofi ba. Abin da ya tsira da shi yatsu uku da suka karye, da gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa. A haka ya zo koyar da 'ya'yanmu.

Ya kasance mutumin da ba ya gudun laifinsa. Ranar da ƙwallo ta fasa wa Najiba leɓe, na ce khalas, shi ke nan, ita da hoki har abada. Washegari sai ga shi a gidanmu, hawa huɗu, lif ta lalace. Na ce, "Koci, mace ce fa. Fuskarta?" Ya zauna yana haki, ya ce, "Malam Ɗalhatu, ni na bari ta cire hular kariya. Ni za ka hukunta, ba ita ba. Yarinyar nan ba ta rufe ido in ƙwallo ta taho. Wannan ba a koyar da shi." Kwana uku ina fushi, a na huɗu na kai ta fili da kaina. Yau ita ke tsare wa makarantar raga.

Ya kasance, har bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, sai an ajiye masa kujera a bayan raga. Murya ta tafi, da hannu yake gyara musu tsayuwa.

Uwargida Nerys, gobe za ki raka shi gida. Dukkanmu baƙi ne a garin nan, amma mijinki bai yi zaman baƙo da mu ba. Ki gaya wa danginsa haka.

Yara, Asabar akwai atisaye. Ban san wa zai koyar da ku ba. Mu iyaye ba mu iya riƙe sanda ba, amma za mu zo.

Mun gode muku duka. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya kai su gida lafiya, Ya ba mu ƙarfin abin da ya rage. Amin.