Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena mata da 'yan'uwana. Salamarsa ta zauna tare da mu duka.

Sunana Rahila, daga ƙauyenmu na gefen Tafoki. Wasunku sun san ni, wasu labarina kawai suka ji, kuma na san yadda ake ba da shi: wai ni ce mai taurin kan nan da ta kifar da ƙwaryar magani a gaban gwaggonta. Gaskiya ne, na kifar. Yau ma aka miƙo mini, zan sake kifarwa! Amma ba a gaya muku na riga na shanye ƙwarya ɗaya kafin wannan ba, kuma ba a gaya muku ƙaryar da ta jawo ƙwaryar ba. Shi ya sa na miƙe tsaye yau.

A wajen Damari aka haife ni, gidan Maguzawa, da tsafinmu a bayan rumbu da tukunyar giyarmu. Uwata wurin haihuwa ta rasu ina ƙarama. Kwana uku tana durƙushe, ɗan bai fito ba, aka binne su tare. Gwaggo, yayar babana, ita ta raine ni, kuma ita ce ungozomar yankin gaba ɗaya. Kada in ji wata ta zage ta bayan mun tashi. Matar nan ta tauna abinci ta sa mini a baki.

Da aka kai ni ɗaki a Tafoki, maigidana ya ji bishara wurin Malam Ishaya, ya karɓa, ni ma na karɓa, aka yi mana baftisma a rafi. Ran da labari ya isa gida, Baba ya aiko da magana ɗaya: tunda na bar iskokin gida, za a ga wanda zai riƙe mini cikin fari. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji.

Damina ta yi tsakiya, gero ya fara fid da kai, na yi ɓatan wata biyu. Da murna na je na gaya wa Gwaggo. Ta ɗauko zaren auduga ta ƙulla ƙulli biyu, ta rataye a ɗakinta. Haka take ƙirga wa kowace mace, duk tsayuwar wata ƙulli ɗaya, kuma ba ta taɓa mantawa.

Ana tonon gyaɗa, ina gona ni kaɗai, marata ta murɗa. Kafin rana ta take, cikin ya zube. Da fartanyata na haƙa rami a gindin wata kanya na binne abin da ya fito. Na wanke jikina a rafi, na ɗauki kwandona na koma gida na ɗora tuwo.

Ban gaya wa kowa ba. Ko maigidana, wanda dama namiji ne, ƙirgen wata ba aikinsa ba ne. Ko matar Malam Ishaya da muke addu'a tare. Me ya sa? Don kada Baba ya ce maganarsa ta tabbata. Na ce a raina wai sunan Yesu nake karewa. Ku ji fa! Ni Rahila, wai da ƙarya zan kare Mai Gaskiya! Girman kaina nake karewa, ba wani abu ba.

Lokacin da ake kai auduga kasuwa, Allah ya sake ba ni wani cikin. Da bazara Gwaggo ta zo duba ni, tana tsammanin ta tarar da ni na kusa sauka, sai ta ga ciki ɗan mitsitsi. Ta shafa, ta girgiza kai, ta ce, "Ɗiyata, cikin ga kwanciya yay yi. Bari dai, shina tashi."

Kun san abin da iyayenmu suke faɗa, cewa ciki yakan kwanta ya yi barci wata da watanni, daga baya ya tashi. Ƙofa ce ta buɗe mini, na faɗa ciki da gudu. Na ce, "Haka ne, Gwaggo." Ita kuwa ta ci gaba da ƙulla zarenta tun daga cikin da na binne.

Da marka ta kankama aka mai da ni gida goyon ciki, yadda al'ada take. Ranar da wata ya tsaya, Gwaggo ta sauko da zaren ta ƙirga a gabana: ƙulli goma sha huɗu. Ni kuwa na san ƙirgen gaskiya, wata bakwai ne da 'yan kwanaki.

Gwaggo ta daina cin abinci don damuwa. Kullum sai ta auna cikina da tafin hannu ta ce, "Shekara da wata biyu, Rahila! Yaro na ta girma a ciki. In kai ya ƙosa, ta ina za shi hita? Haka uwarki tay yi, ina kallo. Ba ni binne ku biyu." Ta shiga daji da kanta cikin ruwan sama, ta dawo da saiwoyi da sassaƙe, ta dafa har ruwan ya yi baƙi. Ta ce ƙwarya ɗaya da safe ta tashe shi, ɗaya da la'asar ta kore shi waje.

Ba ɗure aka yi mini ba, iyayena. Da hannuna biyu na karɓa. Na gaji da kumburin ƙafa, na gaji da kallon mutane, ga tsoron mutuwa irin ta uwata. Sama da duka, shan abin nan ya fi mini sauƙi da in buɗe baki in ce na yi ƙarya. Har na lallashi kaina cewa ai bakwaini ma yana rayuwa, Allah zai rufa asiri. Na rufe ido na shanye.

Kafin azahar na gane abin da na yi. Amai, zawo, jiki na kyarma. Cikina ya ɗaure tamau kamar dutsen niƙa. Ku da kuka haihu kun san naƙuda takan zo ta tafi, ta bar mace ta numfasa. Wannan ba ya tafiya. Sai jini ya biyo ƙafata. Sai abin da ya fi duka: ɗan da tun safe yake harbina ya yi tsit.

Na dafa cikin, na kira shi, na girgiza. Shiru!

Gwaggo ta leƙo ta ce aiki ya yi kyau, ƙwarya ta biyu za ta ƙarasa, in ya ƙi kuma a kira wanzami ya yi mini yankan gishiri. Ta fita hura wuta. Na durƙusa a ƙasan ɗakin nan, goshina a kan tabarma, na ce, "Yesu, na binne ɗaya ban gaya maka ba, kamar ba ka gani. Ga na biyu na ɗauko da hannuna zan kashe don kada a yi mini dariya. Ka gafarta mini. Ka bar mini wannan. A yi dariyar!"

Ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara gishiri a shaidata ba. Amma tsoron Baba da ya shekara a ƙirjina, na neme shi na rasa. Abu ɗaya ya rage a raina, tsirara: ki faɗa.

Gwaggo ta shigo da ƙwarya tana tururi. Na ce, "Gwaggo, cikin da kike ƙirgawa ya zube tun tonon gyaɗa. Ni na binne shi. Wannan wani ne, wata bakwai gare shi."

Ta tsaya tana kallona. Sai ta ce, "Tsoron naƙuda ne ya sa ki wagga ƙarya. Kowace mai cikin fari da irin tata. Amshi ki sha, in an hwara ba a bari a tsakiya."

Baba yana bayan zana, ya ji komai. Ya ɗaga murya ya ce, "Ashe! Mi nac ce maku? Iskoki sun amshe na farko, yanzu sun zo ɗaukar na biyu. A kamo baƙin bunsuru a yanka masu, ta sha magani, ta bar wannan addinin banza!"

Abin da na shekara ina gudu ke nan, ga shi an faɗa, duk gida na ji. Kun san me? Ban mutu ba. Magana ce kawai, ta fito ta wuce.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba da sunana za a yanka ba." Gwaggo ta kawo ƙwaryar bakina, ta riƙe mini ƙeya yadda take yi mini ina yarinya. Na sa hannu na kifar da ita. Maganin ya malale a ƙasa. Na ce, "In mutuwa ce, in mutu da shi a ciki. Amma ba ni ƙara kurɓa ko ɗaya, ko an tara mini Damari da kewayenta!"

Tun da nake ban taɓa ɗaga wa matar nan murya ba. Ta zauna daɓas, ta yi kuka, ni ma ina yi. Ba ta yarda da ni ba a ranar, amma ba ta sake dafawa ba. Ta kwantar da ni ta gefen hagu, ta ce kada in motsa. Wata Bafillatana mai tallar nono da ta saba shigowa gidanmu, ita ta ji tausayina ta kai saƙo ga maigidana. Allah ya saka mata.

Washegari da hantsi, ina kwance ina jiran abin da Allah zai yi, sai na ji ɗan motsi ƙasan haƙarƙarina. Na riƙe numfashi. Ya sake! Na ƙwala ihu har kaji suka watse a tsakar gida. Yabo ga Ubangiji!

Maigidana ya iso da maza uku na ikilisiya. Mota ba ta shiga wajenmu da marka, jaki kuma ba zai yiwu ba ga mai zub da jini. A gadon kara suka ɗauke ni a kafaɗa, suka ratsa rafi ruwa iya ƙirji. Mutane a gonaki suna ajiye fartanya suna tambaya wa ya rasu. Sai in ɗaga kai in ce, "Ba kowa! Ku ci gaba da nomanku!"

A ɗakin shan magani na Mishan, Baturiyar da ke duba mata ta auna cikina, ta kafa wani ɗan ƙaho ta saurara. Ta ce yaro na da rai, bai kai wata takwas ba, kuma mabiyiya ta fara ɓantarewa, shi ne jinin. Ta ce da na ƙara ƙwarya ta biyu, da wuya a samu ɗayanmu. Ta ce magani ɗaya gare ta: in kwanta in jira.

Sati bakwai na yi a kwance. Ni da ba na iya zaman minti biyar ba aiki! A can na koyi cewa ba ni ke da ranar ba. Ranar wata Lahadi, gero ya riga ya shiga rumbu, naƙuda ta zo da kanta, irin mai zuwa ta tafi. Kafin a tashi daga sujada na sauka. Mace, 'yar ƙarama, da kukanta mai ƙarfi. Wai wannan ce aka ce ta yi girman da ba za ta fita ba!

Gwaggo ta zo yi mini wankan jego. Ta karɓi jaririyar, ta juya ta, ta duba farce, ta duba maɗiga. Sannan ta ce, "'Yar wata tara ce cif. Da kin sha ta biyu, da ni na kashe ta." Na ce, "A'a, Gwaggo, ƙirgenki daidai yake. Ni na ba ki mafarin ƙarya." Har yau ba ta karɓi bishara ba, ina yi mata addu'a. Amma yanzu kafin ta ƙulla wa mace zare, sai ta ja ta gefe ta tambaye ta ko ta ga jini.

Shekara uku ke nan ban sake samun ciki ba. Na san ana faɗa. Baba ya ce iskoki ne, wasu a nan ma suna cewa hukunci ne. Ban sani ba ko ƙwaryar farko ce ta taɓa mini mahaifa, kuma in ita ce, ni na sha, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma duk mai jiran ta ga na sunkuyar da kai, ta nemi wurin zama, za ta daɗe.

Ke mai ciki da ke zaune nan, na san kin gaji. Na san akwai wadda aka ba ƙullin saiwa ta ɓoye a ƙarƙashin gado, an ce mata zai rage wahala. Kada ki dafa! In lissafi ya rikice miki, ko akwai abin da kika binne ba ki faɗa ba, ki faɗa tun yau. Ki je a duba ki. In ba mai raka ki, ki zo ni zan raka ki. Wanda ya sa shi a ciki ya san ranar fitarsa, ki dogara gare shi.

Saura abu ɗaya. An ce mace ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, kunya ce. Na gama da kunyar da ke rufe baki. Rifkatu! Zo nan wurin uwarki. Ku dube ta da kyau, ga ta da ƙafafunta, ga hancin ubanta. Tawa ce, Yesu ne ya bar mini ita, kuma zan kira sunanta da ƙarfi har ranar da za a rufe ni.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu mai cetona. Amin.