Lemon Cikin Rabin Durom

Mai unguwa, malamanmu, dattawa, Inna matar marigayi, 'ya'ya da jikoki, da ku magadan gidan nan da kuka samu sahun gaba, ina yi muku sallama, ina yi mana ta'aziyya.

Bara na ji raɗe-raɗin wai an sa gidan nan a kasuwa, da marigayi Baba Kafinta a cikinsa. Ban yarda ba. Mai shayi ya faɗa mini, na ce ai aikinsa ke nan, dafa ruwa da dafa magana. Wanzami ya maimaita, na ce ya kula da askarsa.

Masu karatu sun ce kalmar haya daga bakin Turawa muka aro ta, abin da za ka mora ka mayar. Mu muka maƙala mata "ɗan", sai ga tsoho mai furfura har gira ana ce masa ɗan haya.

Ya kasance ɗan hayar da ya sauya rufin gidan nan da hannunsa. Ya kasance babu ƙofa a layinmu da ba ta san gudumarsa ba. Ya kasance, magada, shi ya haɗa makarar da muka ɗauki mahaifinku a kai. Amma ko ƙusa bai taɓa bugawa a bangon ɗakinsa ba sai da izini.

Kun ga lemon can a tsakar gida? A rabin durom ya dasa shi. Na tambaye shi dalili, ya yi dariya, ya ce ɗan haya ba ya shuka a ƙasa, kome nasa sai mai ɗaukuwa.

Gida naku ne, ba mu ja. Ɗaki guda muke roƙa wa matar da ta goya ku. Da safen nan ta ga baƙi suna awon bango, ta kai musu ruwa, ta zaci 'yan gaisuwa ne. Inna, ki yafe mini, a bakina kike jin cewa masu saye ne.

Mun gode wa kowa. Allah ya jiƙansa, ya ba shi gidan da ba a tashin mutum.

Saura magana ɗaya. Kwanakin baya da ciwon marigayi ya tsananta, an aike ni nemo mai kura ya ɗauke durom ɗin. Muka ja, ya ƙi. Ashe saiwa ta fasa gindinsa, ta kama ƙasa. Da na koma, wanda ya aike ni ya ce, "Bar musu, aboki. An riga an sayar da gidan. Kada Inna ta ji."

Shi ne na ƙarshe da ya gaya mini, har na yarda: Baba Kafinta da kansa.