Tulun Irin Babana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Ni ne tsoho Ɗanjuma manomi, mutumin ƙasar Gaya. Ina Dubai wurin ɗana Sale, an kawo ni aikin ido. Ban yi boko ba, ina faɗa ne surukata tana rubutawa.

Watan jiya kamfanin su Sale a Jebel Ali, nan Dubai, ya rage ma'aikata, har da shi. Ya ce, "Baba, a sayar da gonar fadama in ɗan riƙe kaina."

Na ce, "Kul! Zauna ka ji." Ina yaro, kafin babban yaƙi na biyu, masana'antun Ingila suka tsaya, aka ce Turawa da kansu suna layin neman aiki. Gyaɗarmu ta rasa mai saye. Maƙwabta suka fusata, suka cinye tasu har iri. Babana ya zuba nasa a tulu, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka. Muka yi ta kukan yunwa, bai buɗe ba. Da kasuwa ta farfaɗo, rabin unguwarmu daga tulun nan suka shuka.

Sale ya ce, "Baba, nan fa Dubai ne." Na ce, "Ita ma Ingila, Ingila ce."

Kwana uku yana fushi da ni. Yanzu ya samu aikin lodi a unguwar Deira, gona kuma tana nan.

Masu sauraro, taurin kai na yi ko daidai? Ina gaida ƙanena Audu a Gaya: a fara sharar fadama, ina tafe da sabon ido.