Tasar da Aka Goge da Tsamiya

A rumfar tashar Daura, ana jiran motar Kongolam ta cika, Haulatu ta kwance ƙullinta ta nuna wa wani dillalin kayan gargajiya tasar tagulla, sai walƙiya take.

"Baiwar Allah, me kika yi mata?"

"Gogewa. Tsamiya da toka, tun asuba."

"Kin cuce ni, kin cuci kanki. Baƙin da kika kankare shi Turawa ke saye. Yanzu wa zai yarda tsohuwa ce?"

"Malam, duba gindinta. Wannan zanen kunamar aikin hannun kakana ne, maƙerin fari mai ƙera tagulla a Sandamu. Ba ya sallamar tasa sai mai ita ya ga fuskarsa a ciki. In fito da ita da dauɗa, a ce jikarsa ƙazama ce?"

"Kowa na iya zana kunama. Dauɗar ce shaida."

Ran Haulatu ya ɓaci. Ba don damina ta kayar mata da ɗaki ba, da tasar nan ba ta bar gida ba.

"To, mayar mata da dauɗar zan yi?"

"Ana mayarwa mana. Ki ba ni in binne ta a turken awaki, yadda nake wa sababbi. Kafin kaka ta yi baƙi ƙirin."

Haulatu ta dube shi, ta ɗaure ƙullinta tam.

"Ashe fitsarin akuya kuke sayarwa. Gara in ci gaba da kwana a madafa da in ba akuya aikin kakana ta gyara."